Tambaya: naman kazar da ya fito gefen suri a gonarmu, irin wanda 'yan Chaina ke ci a bidiyo ne?

Ɗan Dabai:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya damina ya aka ji da ruwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Kwanan nan bidiyon mutanen Chaina ya cika min waya a TikTok da Facebook, za ka ga mace da kwando a baya tana hawa dutse cikin hazo tun da asuba, tana yaye ganye da ɗan sanda tana ciro naman kaza kala kala, wani ja wani ɗorawa, wani ma tana taɓa shi da yatsa sai ya koma shuɗi nan take, kuma su koma gida su soya da tafarnuwa da barkono su ci hankali kwance. An ce yankin Yunan ne kuma kuɗi sosai suke samu da shi.

To mu ma nan gefen Zuru tunda ruwan Agusta ya zauna abin ya fito da yawa, kuma iri biyu nake gani. Ɗaya yana fitowa gefen wani tsohon suri a gonarmu, hularsa ruwan toka-toka ce da ɗan tsini a tsakiya. Ɗayan kuma cikin ciyawa yake kusa da inda ake ɗaure shanu, fari ne babba mai kyau da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a kai da zobe a wuya, kuma shi ne ma ya fi kama da na bidiyon. Yaran gida har sun fara cirowa suna wasa da shi, abin da ya sa hankalina bai kwanta ba ke nan. Shin ana ci? ta yaya ake gane mai guba? kuma idan ana ci mutum zai iya tarawa ya sayar kamar yadda suke yi can? Na gode.

Maman Sadiya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na gefen surin nan mun san shi, kakarmu Allah ya jiƙanta ba ta barin damina ta wuce ba ta yi mana miyar gyaɗa da shi ba. Yana fitowa ne bayan an sha ruwa mai ƙarfi, kuma da sassafe ake zuwa don kafin azahar ya buɗe ya fara lalacewa tsutsa ta shige shi. Ita ba ta fizgewa, wuƙa take sawa ta haƙa, don saiwarsa doguwa ce tana yin ƙasa sosai har cikin gidan gara, wani lokacin saiwar ta fi karan da ke waje tsawo. Kuma suri ɗaya take komawa duk shekara, ta san wanda ke bayarwa da wanda ba ya bayarwa.

Amma wancan fari na wajen shanu ko kusa, lemar kwaɗi ce, ko taɓawa muka yi sai ta sa mun wanke hannu. Ka hana yaran nan tun yau don Allah. Ni dai abin da na ji manya na faɗa shi ne in ka ga ƙwari ko tsutsa na cin sa to ba ya da guba, Allahu a'alamu.

Bakabe na Argungu:

Malam mi za ya wahal da kai, ka sa tafarnuwa cikin tukunya in ta yi baƙi akwai guba in ba ta yi ba ka ci abinka, haka munka ji. Wasu cokalin azurfa sukan sa. Kuma akwai manhaja da kaka ɗaukar hoto ta gaya maka sunanshi nan take. Batun halacci kuwa babu matsala, ya zo a hadisi ingantacce cewa kam'a tana daga cikin mannu kuma ruwanta waraka ne ga ido, malamai sun ce dangin naman kaza ce.

Tsohon Ɗalibin Kunming:

Ɗan uwa Bakabe ka yi haƙuri, maganar tafarnuwar nan ka janye ta, rai ake magana. Hadisin gaskiya ne amma kam'a aba ce da ke girma a binne cikin ƙasa a yankunan sahara, ba kowace lema da ta tsiro a juji ba ce, kuma abin da zai cutar da kai ai ka san hukuncinsa.

Ɗan Dabai ni na yi karatu a Kunming, babban birnin Yunan ɗin, don haka bari in faɗa maka abin da bidiyon ba ya nunawa. Garin kansa yana kan tudu kusan mita 1,900 daga teku, ba zafi ba sanyi can can, kuma daminarsu kusan lokaci ɗaya take da tamu, Yuni zuwa Satumba. Dazukansu na kan duwatsu ne, ƙasa kullum a jiƙe ganye ya ruɓe ya yi kauri, kuma da yawa daga cikin naman kazar da ka gani suna rayuwa ne manne da saiwar wasu itatuwan can da mu ba mu da su a Kebbi. Shi ya sa ba a iya shuka su, sai dai a hau dutse a nemo. Mai tsadar nan da ake kira matsutake can sama yake fitowa wajen Shangri-La inda tudun ya haura mita 3,000, ana kwasarsa da safe a yi sauri a kai shi Japan tun yana ɗanye. A Kunming akwai kasuwa guda mai suna Mushuihua da in damina ta yi naman kazar daji kawai za ka gani iya ganinka.

Wanda ka ga yana komawa shuɗi in an taɓa, suna kiransa jian shou qing, kuma guba gare shi in bai dahu sosai ba. Duk shekara ana kwantar da mutane asibiti a kansa, mutum ya riƙa ganin ƙananan mutane suna yawo a bango da kan gado alhali babu kowa. Shi ne Janet Yellen, sakatariyar baitulmalin Amurka a lokacin, ta ci a wani gidan abinci a Beijing a watan Yuli 2023 aka yi ta surutu, daga baya ta ce ita ba ta ji komai ba don an dafa shi yadda ya kamata. A gidajen abincin da ake dafa shi a gabanka cikin romo, agogo suke ajiyewa a kan tebur kuma wasu ba za su ba ka tsinken cin abinci ba sai lokacin ya cika, don sun san halin mutane da gaggawa.

Kuma duk da wannan sanin da suka gada kaka da kakanni suna mutuwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 ake samun mutane a ƙauyukan kan dutse na Yunan suna faɗuwa matattu haka kawai a tsakiyar damina, wani yana cikin magana zuciya ta tsaya, har aka rasa kusan mutum 400 ba a san dalili ba. Sai a 2010 masu bincike suka danganta abin da wani ɗan ƙaramin farin naman kaza da ke fitowa jikin ruɓaɓɓen itace, wanda daga baya aka sa wa suna Trogia venenata. Mutanen ba sa ma kai shi kasuwa don ba ya da daraja, a gida suke cinye shi. Da aka bi ƙauye ƙauye ana nuna hotonsa ana gargaɗi sai mace-macen suka ragu sosai. Haka a jihar Asam ta Indiya mutum 13 suka rasu a watan Afrilu 2022, yawanci iyalan ma'aikatan gonar shayi ne da suka saba tsinta a daji.

Abin da ya haɗa mu da su guda ɗaya ne, na surin nan. Su ma suna da shi, jizong suke ce masa, yana cikin waɗanda suka fi so, har soya shi suke yi cikin mai da barkono su zuba a kwalba ya daɗe. To shi kam dangi ɗaya ne da wanda Maman Sadiya ta bayyana. Sauran kuwa kada ka kwatanta da hoto, abin da ya yi kama da juna a waya ba lallai abu ɗaya ba ne a ƙasa.

Nas Ummu Khalil, Gusau:

Salam. Yaya Bakabe don girman Allah kar ka sake gaya ma kowa wannan, tafarnuwa da azurfa ba su gane komi. Anti Maman Sadiya ke ma ki yi haƙuri, batun tsutsa ba haka ba ne, ƙwari da katantanwa suna cin wanda ke kashe mutum su wuce lafiya lau don jikinsu ba irin namu ba ne.

Abin da nike so kowa ya riƙe shi ne lokaci. Akwai wanda in anka ci cikin awa 1 zuwa 3 za a fara amai da gudawa da murɗar ciki, yana wahalarwa ƙwarai kuma yaro ƙarami ko tsoho zai iya galabaita in ruwan jikinshi ya ƙare, amma galibi ana tashi in an samu ƙarin ruwa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ba ka jin komi sai bayan awa 6 har zuwa 24. Dangin naman kazar da ake kira Amanita ne ke da irin wagga guba, hanta take bi kai tsaye, kuma dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, shanyawa ba ta kashe ta, ko ka zubar da ruwan farko ka sake wani tana nan. Rabin hula ɗaya na wanda ake kira Amanita phalloides ya isa ya kashe babban mutum, kuma waɗanda sunka ci sunka rayu cewa suke yi yana da daɗi, ba ɗaci ba wari.

Yadda yake tafiya, mutum ya yi amai da zawo kamar ba gobe kwana ɗaya, sai kuma ya ji sauƙi ya tashi zaune har ya nemi kunu, 'yan uwa su ce alhamdulillahi ya warke su koma gida, alhali lokacin ne hantar ke mutuwa. Kwana na 3 zuwa na 5 sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu, jini ya ƙi daskarewa, mutum ya fara ruɗewa. In an kai nan wani lokacin sai dashen hanta, ku kuma kun san inda muke.

Kuma abin da ke damuna a nan wajenmu, da damina duk wanda ya zo da amai da gudawa kowa kwalara zai fara tunani, in ba ku faɗa ma likita cewa an ci naman kaza ba babu mai duba wajen. Don haka in ya faru ku faɗa tun daga bakin ƙofa, ku faɗi ƙarfe nawa anka ci da ƙarfe nawa ciwon ya fara, ku taho da ragowar miyar ko ɗanyen da ya rage a takarda, kuma duk wanda ya ci tare a taho da shi ko da yana cewa lafiyarshi ƙalau. Manja da madara da ake ɗura ma mutum ba su karya wannan guba, ɓata lokaci ne kawai. Akwai gawayi na musamman da ake ba da shi a asibiti in an zo da wuri, ba gawayin murhu ba, sannan a yi gwajin hanta a maimaita. In asibitin kusa ba ya da gwajin ku nemi a tura ku babba, ku na Kebbi akwai Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Mu nan Zamfara akwai ƙarin wani abu, naman kaza yana zuƙar dalma da sauran ƙarafa daga ƙasa, kuma ba mu manta da 2010 ba lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Duk inda ake niƙa dutsen zinari ko wanke shi, ko mai kyau ne ya fito can a bar shi.

Malam Na Gona, Jega:

Madalla da bayanin Nas. Ɗan Dabai ni aikin gona na karanta, bari in ɗan ƙara maka kan ganewa, amma ka sani ba ina ba ka izinin ci daga nesa ba ne.

Na surin nan sunan danginsa Termitomyces, kuma gara ce ke noma shi da kanta. Tana tauna ciyawa da itace ta kai cikin suri ta gina wani abu mai ramuka-ramuka, naman kazar ya bi ya narkar da shi ita kuma ta ci, in ruwa ya sauka sai ya turo kai waje. Shi ya sa yake da tsinin nan mai tauri a tsakiyar hula, da shi yake huda ƙasa, shi ya sa kuma saiwar take da tsawo. A Zambiya akwai ɗan uwansa da faɗin hularsa kan kai kusan mita 1. Amma fitowa kusa da suri kaɗai ba shaida ba ce, wani iri na iya tsirowa a gefen ba tare da ya haɗa komai da gara ba, sai ka haƙa ka bi saiwar ka ga inda ta nufa.

Kullum ka haƙo shi gaba ɗaya kar ka yanke a wuya, domin babbar alamar Amanita a gindi take a binne, wata 'yar jaka ce fara da karan ke fitowa daga cikinta. In ka ga jaka a gindi, ga zobe a wuya, ga layukan ƙarƙashin hular farare, to ka nisance shi ko wa ya ce maka yana ci. Kuma ka bar ƙananan da ba su buɗe ba, a wannan matakin mai kyau da mugu duk kamarsu ɗaya.

Sai gwajin takarda, wanda kowa zai iya yi a gida. Ka cire hular wanda ya buɗe sosai ka kifa ta a kan farar takarda, ka rufe da kwano ka bar ta ta kwana inda yara ba sa kaiwa, da safe za ka tarar da ƙurar irinsa ta zubo ta yi zane. Farin nan naka na wajen shanu ina kyautata zaton Chlorophyllum molybdites ne, ƙurarsa kore-kore take fitowa, kuma in ya tsufa layukan ƙarƙashinsa ma suna komawa kore. Yana cikin waɗanda suka fi sa mutane amai da gudawa a ƙasashe masu zafi saboda kyansa da girmansa, kuma yana son fili mai ciyawa da taki. Na suri kuwa ƙurarsa tana ɗan yin ja-ja mai haske. Manhajar waya ba ta ganin saiwa ba ta ganin ƙura, kuma yawancin hotunan da aka koya mata na Turai da Amurka ne, don haka kada ka ɗora ran iyalinka a kanta.

Kada mu manta da feshin maganin ciyawa ma, yanzu kusan kowace gona ana yi. Kuma don Allah kar wani ya ga bidiyo ya ce zai kutsa daji neman naman kaza a wannan yanayin da muke ciki na tsaro, iyakarka gonarka da gefen gari.

Ɗan Dabai:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na ƙaru. Malam na yi gwajin takardar, farin nan kore ya fito kamar yadda ka ce, na tattara su duka na binne kuma na ja wa yara kunne. Na surin kuwa ɗan ja-ja ne kuma saiwar ta yi ƙasa sosai har ta tsinke ban kai ƙarshenta ba. To yanzu shi ke nan za a iya ci? kuma batun sana'ar fa, tunda ni gaskiya nan hankalina ya fi karkata.

Malam Na Gona, Jega:

Alamun sun yi kyau amma da saura, domin akwai wani dangi da ake kira Entoloma, shi ma ƙurarsa ja-ja ce kuma a cikinsu akwai masu guba, har a Chaina ana rikita su da na suri. Ka haƙo wani gaba ɗayansa da saiwar ka kai wa dattijan da suka daɗe suna cin na wannan yankin su riƙe shi a hannu su duba, irin su Maman Sadiya za su san wa za ka nema, kuma ga jami'ar aikin gona nan a Zuru kusa da kai, ka leƙa sashen tsirrai ka tambaya. In duk sun tabbatar, ka dafa shi sosai, iri ɗaya kawai a tukunya kar ka gauraya, babba ya ɗan ci kaɗan a jira har washegari, ban da yara da masu ciki a karon farko, kuma ka ajiye guda ɗaya ɗanye a takarda ko da za a buƙace shi.

Sana'a kuwa na suri ba zai riƙe ka ba, 'yan kwanaki yake yi a shekara kuma har yau ba a iya noma shi don kasuwa tunda sai da gara. Wanda ake nomawa a Najeriya shi ne dangin Pleurotus, kuma abincinsa muna da shi a banza, bambaron shinkafar nan da ake cinna wa wuta a fadamun Argungu da Suru da Yauri bayan girbi. Ana daddatsa shi a jiƙa cikin ruwan zafi kamar awa 1 zuwa 2 don a kashe ƙwayoyin cuta, a tsane shi ya huce, a gauraya da irin da ake saye wajen masu haɗa shi, a cusa a leda a ɗaure a ajiye a ɗaki mai duhu. Cikin mako 2 zuwa 3 ledar za ta yi fari fat, sai a huda ta a riƙa yayyafa ruwa a ɗakin a bar iska da ɗan haske su shiga, ba da jimawa ba zai fara fitowa, kuma leda ɗaya ana girbinta fiye da sau ɗaya.

Matsalarmu a nan zafi ce da bushewar iska. Yana son ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 30 da laima sosai, don haka Maris zuwa Mayu kar ma ka fara, da hunturu kuma sai ka dage da yayyafi da rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Ka fara da leda kaɗan yanzu da sauran damina, kuma tun kafin ka zuba kuɗi ka zagaya otal-otal da manyan shaguna a Birnin Kebbi da Sakkwato ka ji ko za su saya da nawa, don ɗanyensa ba ya wuce 'yan kwanaki ko a firji, wanda bai shiga ba sai dai ka shanya.